Haɗa Zaɓen Tarayya da na Jiha a Rana Ɗaya: Riba da Hasara, Tare da Misalai Daga Ƙasar Kabi

1.0 Gabatarwa

A watan Nuwamba na 1924 babu wanda zai yi tsammanin wata rana talakan Augie zai zaɓi mai mulkin Nijeriya da hannunsa. Shekara ɗari bayan nan, a watan Nuwamba na 2024, Majalisar Wakilai ta Tarayya ta yi watsi da wani ƙuduri da ya nemi a gyara tsarin mulki, a mayar da wa'adin shugaban ƙasa da gwamnoni shekara shida sau ɗaya tak, a kuma riƙa gudanar da dukan zaɓuɓɓuka a rana guda. Ƙudurin ya faɗi, amma ɓangarensa na biyu yana da magoya baya da yawa, kuma hujjarsu mai sauƙin fahimta ce: zaɓe ya yi tsada, fita biyu ta fi fita ɗaya cin kuɗi, saboda haka a haɗa.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu auna wannan hujja da abin da ya riga ya faru a ƙasar nan daga 1979 zuwa 2023, musamman a yankin da ke Jihar Kabi a yau. Mun zaɓi ƙasar Argungu da Augie da Birnin Kabi ne domin alƙaluman zaɓenta sun nuna wani abu da masu neman haɗawa ba su cika kula da shi ba. Ra'ayinmu shi ne, rangwamen kuɗin da za a samu bai kai yadda ake zato ba, kuma abin da za a bayar a madadinsa shi ne damar da mai zaɓe yake da ita ta yi wa gwamnansa hisabi dabam da na shugaban ƙasa.

2.0 Yadda Aka Yi Ta Jujjuya Jadawalin

Tsarin mulkin 1999 bai ce a haɗa ba, bai kuma ce a raba ba. Abin da ya ƙayyade, bayan gyaran da aka yi masa, shi ne kada a yi zaɓe kafin saura kwana 150 wa'adi ya ƙare, kada kuma a wuce saura kwana 30. Tsayar da ranaku an bar wa hukumar zaɓe. Wannan ya sa kusan kowane salo an gwada shi.

A 1979 hukumar FEDECO, ƙarƙashin Michael Ani, ta raba zaɓen gida biyar, kowanne da Asabar ɗinsa: 'yan Majalisar Dattawa ran 7 ga Yuli, 'yan Majalisar Wakilai ran 14, majalisun jihohi ran 21, gwamnoni ran 28, sa'an nan shugaban ƙasa ran 11 ga Agusta. A tsohuwar Jihar Sakkwato wannan bai sake komai ba, domin jam'iyyar NPN ta rinjaya daga farko har ƙarshe. Alhaji Shehu Shagari ɗan jihar ne, gwamnan da aka zaɓa kuwa, Alhaji Shehu Kangiwa, daga masarautar Argungu ya fito. A Jihar Kaduna ne rabawar ta nuna kanta sosai. Ran 21 ga wata jama'a suka ba NPN rinjaye a majalisa, mako ɗaya bayan nan suka ba Alhaji Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna. Majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, daga bisani ta tsige shi a watan Yuni na 1981. Mun kawo wannan ne da gangan, don kada a ɗauka rabawa alheri ce tsantsa.

A 1983 aka juya jerin. Aka fara da shugaban ƙasa ran 6 ga Agusta, gwamnoni suka biyo baya ran 13. NPN da take da gwamnoni 7 cikin 19 a 1979 sai aka ce ta lashe 13, har da Barno da Gongola da Kaduna da Oyo, kafin kotu ta karɓe Ondo ta mayar wa Michael Ajasin. Ba za a ɗora wannan duka a kan jerin ranakun ba, domin maguɗin da aka tafka a zaɓen sananne ne. Amma tun daga lokacin 'yan siyasar ƙasar nan suka riƙe darasi guda: wanda aka fara bayyanawa ya ci fadar shugaban ƙasa, 'yan kwangila da masu neman muƙami da masu tsoron zama a adawa za su kwarara wajensa kafin Asabar mai zuwa. Bahaushe ya ce kowa ya ga inuwa ba ya zama rana. Ran 31 ga Disamba na shekarar soja suka kawo ƙarshen wannan jamhuriya.

Jamhuriya ta huɗu ma ba ta tsaya kan salo ɗaya ba. A 1999 da 2007 jihohi aka fara yi. A 2003 aka haɗa shugaban ƙasa da gwamnoni a rana ɗaya, 19 ga Afrilu. A 2015 da 2019 da 2023 aka bi salon fita biyu: shugaban ƙasa da Majalisar Ƙasa tare, sa'an nan gwamnoni da majalisun jihohi bayan mako biyu ko uku. A 2018 Majalisar Ƙasa ta so ta mayar da zaɓen shugaban ƙasa ƙarshe, ta sa nata a farko, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu. Kowane ɓangare ya kawo hujjar doka, amma kowa ya san abin da ake ja a kai.

3.0 Batun Kuɗi

Babu musu, zaɓe ya yi tsada. Kasafin hukumar INEC na zaɓen 2019 ya kai kimanin naira biliyan 189, na 2023 kuwa naira biliyan 305 ta nema tun farko. Masu rajista sun haura miliyan 93, rumfunan zaɓe 176,846, ma'aikatan wucin gadi sun fi miliyan ɗaya, akasarin masu jagorancin rumfuna 'yan hidimar ƙasa ne.

To, mu tambayi kanmu, cikin waɗannan kuɗi wanne ne yake ninkuwa saboda fita biyu? Rajistar masu zaɓe sau ɗaya ake yi. Katin zaɓe sau ɗaya ake bugawa. Na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe sau ɗaya ake saye. Takardun ƙuri'a kala biyar ne, ko a kaɗa su rana ɗaya ko rana biyu sai an buga dukansu, haka ma takardun sakamako. Abin da yake ninkuwa shi ne alawus ɗin ma'aikata, da hayar motoci da babura da jiragen ruwa, da ɗawainiyar jami'an tsaro. Wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma ba rabin kasafin ba ne kamar yadda ake ji a bakin masu jawabi. Kuma ranar da aka haɗa, wani sashe nasa zai dawo ta bayan gida. A salon fita biyu akwatunan da aka yi amfani da su a rana ta farko ana iya sake amfani da su a ta biyu. A rana ɗaya sai kowace rumfa ta sami akwati biyar a lokaci guda, da ƙarin hannuwa, da ƙarin jami'an tattara sakamako a kowace mazaɓa, da motar da za ta ɗauki kayan.

Akwai wata ɓarna da ta fi fita biyu ciwo, watau ɗage zaɓe. A 2011 an fara kaɗa ƙuri'a ran 2 ga Afrilu a wasu wurare kafin a dakatar saboda takardun sakamako ba su iso ba. A 2019 cikin daren 16 ga Fabrairu, saura 'yan awoyi a buɗe rumfuna, aka ɗage da mako guda, bayan ma'aikata sun riga sun kwana a inda aka tura su. Dukan ɗagewar nan biyu gazawar kai kaya ce ta jawo su, alhali kayan zaɓe biyu ko uku ne kawai. Hukumar da kaya uku suka yi wa nauyi, sai a yi tunani kafin a ɗora mata biyar. Gaskiya ne ɗagewar 2023, daga 11 zuwa 18 ga Maris, tana goyon bayan masu neman haɗawa, domin sake saita na'urorin BVAS tsakanin zaɓen biyu ne ya jawo ta. Wannan hujja tasu ce, ba mu ƙwace musu ita ba.

Sai kuma kuɗin da ba ya shiga kasafin kowa, wanda talaka yake biya. Fabrairu da Maris lokacin noman rani ne a fadamar Gulbin Rima, shinkafa tana son ruwa, injin ban ruwa yana son mai. Ranar zaɓe akan hana zirga-zirga, kasuwa ba ta ci, mai kabu-kabu ba ya fita. Ɗan cin rani da ya yi rajista a Augie, yana neman kuɗi a Legas ko Anaca, in yana son ya yi zaɓen duka sai ya biya kuɗin mota sau biyu, ko ya zauna gida mako uku babu sana'a. A 2023, da ƙarancin takardun naira, wannan ya gagari mutane da dama. A ganinmu wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu neman haɗawa suke da ita, ko da yake ita ce ba su cika ambata ba.

4.0 Abin da Ƙuri'un Kabi Suka Nuna

Jihar Kabi, wadda aka ƙirƙira ran 27 ga Agusta 1991, tana da ƙananan hukumomi 21, da kujerun Majalisar Dattawa 3, da na Wakilai 8, da na majalisar jiha 24. Mutumin Augie yana tarayya da Argungu a kujerar Wakilai, yana kuma cikin Kabi ta Arewa a Majalisar Dattawa.

Ran 25 ga Fabrairu 2023 Alhaji Atiku Abubakar na PDP ya sami ƙuri'a 285,175 a jihar, Bola Tinubu na APC ya sami 248,088. Kujerun dattawan nan uku duk PDP suka faɗa wa: Adamu Aliero ya kayar da gwamna mai ci, Atiku Bagudu, a Kabi ta Tsakiya, Garba Maidoki ya ɗauki ta Kudu, Yahaya Abdullahi kuma ya riƙe ta Arewa. Mako uku bayan nan, ran 18 ga Maris, jama'ar nan dai suka fita zaɓen gwamna, sai Nasir Idris na APC ya shiga gaban Aminu Bande na PDP da ƙuri'a 45,278. Tun da masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke sun fi wannan rata yawa, aka ce zaɓen bai kammala ba, aka ƙarasa ran 15 ga Afrilu. Sakamakon ƙarshe: 409,225 da 360,940.

Abu biyu muke so mahalarta su lura da su a nan. Na farko, in aka haɗa ƙuri'un manyan 'yan takara biyu na shugaban ƙasa za a sami 533,263, na gwamna kuwa 770,165. Watau ƙarin ƙuri'a fiye da dubu ɗari biyu da talatin aka samu a zaɓen jiha. An saba cewa a haɗa ƙaramin zaɓe da babba domin babban ya jawo masa mutane, haka ake karantawa a littattafan Amurka da Turai. A Kabi kuwa zaɓen gwamna shi ne babba a idon jama'a, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gwamna shi ne mai takin zamani da albashin malaman makaranta, shi ne mai hanyar ƙauye, a hannunsa sarautu da kuɗin ƙananan hukumomi suke bi. Abuja tana da nisa daga Augie, Birnin Kabi kuwa tafiyar safe ce. Mai so ya ce ai kuɗin sayen ƙuri'a sun fi zagayawa ranar gwamna, kuma takardun naira sun ɗan sassauta a tsakiyar Maris. Mun yarda akwai wannan, amma shi ma yana nuna inda 'yan siyasar jihar da kansu suka ga kasuwar take.

Na biyu, sakamakon ranakun biyu ya sha bamban. Ana iya fassara shi ta hanya biyu. Ko dai a ce guguwa ce, an bayyana Tinubu ran 1 ga Maris, jama'a suka bi mai nasara, kamar 1983. Ko kuma a ce mutane sun raba hukuncinsu. Abin da ya faru a 2011 yana taimaka mana wajen zaɓar fassara. A waccan shekara Janar Buhari na CPC ne ya lashe Kabi ran 16 ga Afrilu, kwana goma bayan nan Sa'idu Dakingari na PDP ya koma kujerar gwamna. Kotun Ƙoli ta soke zaɓen a Fabrairu 2012, aka sake a ƙarshen Maris, kusan shekara guda bayan guguwar shugaban ƙasa ta lafa, ya sake ci. Ga kuma maƙwabta a 2023: a Zamfara Tinubu ya ci jihar, ya ci ƙasa, amma duk da haka jama'a suka kayar da gwamnan APC mai ci, Bello Matawalle, suka zaɓi Dauda Lawal na PDP. Guguwa ba ta iya bayyana wannan.

Shin da an haɗa duka a ran 25 ga Fabrairu, wa zai zama gwamnan Kabi? Abin da ke gabanmu shi ne, kujerun dattawan da aka kaɗa tare da ta shugaban ƙasa sun bi ta, wadda aka jinkirta ta bi wata hanya. Dole mu ƙara da cewa Aliero da Yahaya Abdullahi manyan 'yan siyasa ne da suka bar APC a 2022 bayan rikicin fid da gwani, mai yiwuwa ma su ne suka ja Atiku, ba shi ya ja su ba. A 2025 dukan sanatocin uku suka koma APC, abin da ke nuna mana cewa alamar jam'iyya a kan takardar ƙuri'a ba ta ɗaure kowa.

Zaɓen 2003 shi ne gwajin haɗawa ɗaya da muke da shi. A shekarar ne kalmar sak ta shiga bakin jama'a, watau a dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. A Kano ta yi aiki, Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da Rabi'u Musa Kwankwaso. A Bauci ba ta yi ba, Buhari ya ci jihar, Ahmadu Mu'azu na PDP ya koma. Ashe haɗawa ba ta hana raba ƙuri'a, tana dai ƙara mata wuya, musamman ga wanda bai iya karatun boko ba, aka miƙa masa takardu biyar masu alamomi iri ɗaya, ga layi a bayansa, ga rana. Abin da ya fi wannan muhimmanci yana faruwa ne tun kafin ranar. In zaɓe ɗaya ne, yaƙin neman zaɓe ma ɗaya ne, gidajen rediyo da majalisun hira duk maganar shugaban ƙasa za su yi, da addininsa da yankinsa. Ɗan majalisar jiha mai wakiltar Augie, wanda ya kamata a tambaye shi asibiti da rijiya da ambaliya, sai ya fake a bayan hoton babba ya wuce.

5.0 Tsaro da Ƙirga

Tazarar da ke tsakanin zaɓen biyu tana da nata haɗari. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2011 rikici ya ɓarke a jihohin Arewa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum fiye da 800 suka rasu, aka kashe 'yan hidimar ƙasa a Bauci, har aka ɗage zaɓen gwamna a Kaduna da Bauci zuwa 28 ga Afrilu. Da duka a rana ɗaya aka yi, da babu zaɓen da zai rage a yi cikin tsoro. A ɗaya gefen kuma, rana ɗaya tana tara fushin masu faɗuwa biyar wuri guda, ta kuma tsawaita ƙirga zuwa dare. Mu ɗauki misali: rumfar da mutum 300 suka fito, takardu 900 za a ƙirga in zaɓe uku ne, 1,500 in biyar ne, a cika takardar sakamako biyar, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ɗauki hoto a aika. Kafin a gama magariba ta wuce, sa'an nan a ɗauki hanya zuwa wurin tattarawa. A ƙasar da Lakurawa suka kai hari Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie, a Nuwamba 2024 suka kashe mutane, wannan tafiya ta dare ba abin wasa ba ce. Masu sa ido kuma sun daɗe suna nuna cewa a wurin tattarawa ne sakamako ya fi lalacewa.

Ƙasashen da suka gwada sun isa a duba. Kenya tana kaɗa takardu shida a rana ɗaya tun 2013, amma masu rajistarta ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na namu ba, kuma zaɓenta yana cikin mafi tsada a Afirka. Indunusiya, wadda ta fi mu yawan jama'a, ta haɗa biyar ran 17 ga Afrilu 2019, hukumar zaɓenta ta ce ma'aikata 894 suka rasu, akasari saboda gajiya a kan cututtukan da suke ɗauke da su. A watan Yuni na 2025 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke cewa daga 2029 a raba zaɓen ƙasa da na yankuna, a bar shekara biyu zuwa biyu da rabi a tsakani. Indiya kuwa akasin hanya take nema, tana so ta koma ga haɗawar da ta bari bayan 1967, kuma jam'iyyun jihohi ne suka fi adawa da shirin, saboda tsoron da muka bayyana a sama. Maƙwabciyarmu Nijar a 2020 ta yi na ƙananan hukumomi da jihohi ran 13 ga Disamba, na shugaban ƙasa da majalisa ran 27.

Hanyar da kotun Indunusiya ta nuna, ta raba su da shekaru, ita ce ta fi kare hisabin gwamna, kuma tana rage wa ɗan cin rani tafiya biyu cikin wata ɗaya. Amma muna da gwajinta a gida. Jihohi takwas, Anambra da Bayelsa da Edo da Ekiti da Imo da Kogi da Ondo da Osun, hukuncin kotu ya fitar da zaɓen gwamnoninsu daga jadawalin gama-gari, an fara da Peter Obi a 2006. A irin waɗannan zaɓuɓɓuka 'yan sanda dubbai sukan sauka a jiha ɗaya, gwamnonin jam'iyya su zo da ayarinsu da jakunkunansu, farashin ƙuri'a ya tashi, fitowar jama'a kuma ba ta ƙaru ba. Saboda haka in za a raba da shekaru, sai jihohi 36 su yi nasu a rana guda, yadda babu jam'iyyar da za ta iya tattara ƙarfinta a kan jiha ɗaya. Wannan yana bukatar gyaran sassa na 178 da 180 na tsarin mulki, da wa'adin riƙon ƙwarya na sau ɗaya ga gwamnonin da canjin zai faɗo a kansu, kuma sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince.

Kafin a kai ga wannan, akwai gyaran da ba ya bukatar taɓa tsarin mulki, watau a riƙe fita biyu amma a fara da jihohi, kamar yadda aka yi a 1999 da 2007. Ta haka mutumin Augie zai zaɓi gwamna da ɗan majalisarsa bai san wanda zai shiga fadar Abuja ba. Illarsa ita ce gwamnan da ya riga ya tsira zai iya janye jiki daga ɗan takarar jam'iyyarsa na shugaban ƙasa, kuma wannan shi ne dalilin da zai sa shugaba mai neman zarcewa ya yi wuya ya amince da shi, kamar yadda aka gani a 2018.